Idan Bindiga Ta Ƙi Tashi, Ina Laifin Yake?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko kuwa ya ratsa Bichi ya nufi Tsanyawa, zai lura cewa da ƙyar idonsa zai faɗa kan filin da ba gona ba. Gona na jingine da gona, unguwa na kallon unguwa, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaye a tsakanin kunyoyi. Tun a shekarar 1965 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya mai suna Michael Mortimore ya wallafa bincike a kan wannan yanki, inda ya nuna yadda jama'a suka cika ƙasar har ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Yau kuwa jama'ar sun ƙaru ƙwarai a kan na wancan lokaci.

A irin wannan ƙasa, harsashin da ya kuskure ba shi da dajin da zai faɗa. Bayan kowane dannin kara akwai akuya ɗaure, ko yaro mai kiwo, ko mace mai roron wake. Saboda haka bindiga mai lahani a nan, haɗarinta na kowa da kowa ne.

Abin da ya sa maganar ta taso kuwa shi ne, a ƙarshen shekarar 2025 'yan fashin daji sun kai hare-hare a wasu ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Jihar Katsina. In tsoro ya shiga gari, ba abin mamaki ba ne mutum ya tuna da tsohuwar bindigar kakansa da ke rataye a zaure, ko ya saurari mai ce masa ya rage tsawonta don ta yi daɗin ɗauka. To, kafin a kai ga haka, ya kamata mu san abin da ke sa bindiga ta cije, da abin da ke biyo baya idan aka matsa mata.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Sarki Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har aka riƙa ƙera igwa a birninsa, kuma a ƙarshen ƙarnin mayaƙan Damagaram suka kutso ƙasar Kano ta arewa a zamanin Sarki Alu. Sa'an nan a watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin Kano da igwa da bindiga mai ruwan harsashi.

Daga wancan zamani zuwa yau, iri biyu ne mutumin karkara ya fi sani. Akwai adaka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda 'yan bindigar Sarki ke bugawa ranar hawan salla. Akwai kuma ta hannun soja da 'yan sanda, wadda ke ɗana kanta da kanta bayan kowane harbi. Ko da yake ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu, abubuwan da ke hana su aiki kusan ɗaya ne: datti, da laima, da albarushin da bai dace ba, da kuma hannun wanda bai san aikin ba.

Yadda bindiga ke ɗana kanta

Bari mu fara da ta zamani, don a cikinta ne darasin ya fi fitowa fili. Idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanson harsashi yakan kama wuta ya zama iska mai tsananin ƙarfi, wadda ke ingiza harsashin ya bi ta bututu ya fita. A yawancin bindigogin soja, masu ƙira sun huda wata 'yar ƙofa a jikin bututun. Da zarar harsashi ya wuce wannan ƙofa, sai wani ɓangare na iskar ya bi ta nan ya tura ƙarafan ciki baya. A tafiyarsu baya sukan zaro kwanson da ya ƙone su jefar da shi waje, sa'an nan sifirin ya komo da su gaba, su ɗauko sabon harsashi su kulle shi. Duk wannan yakan auku kafin ƙiftawar ido.

Watau dai aikin kamar daka ne na mata biyu a turmi ɗaya: muddin kowace taɓarya na sauka a lokacinta, hatsi zai daku, amma da ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, sai su yi karo. Idan iskar da ta komo ta yi kaɗan, ƙarafan ba za su kai ƙarshen tafiyarsu ba, sai kwanso ya maƙale ko sabon harsashi ya ƙi shiga. Idan kuwa ta yi yawa, sai su fizgi kwanson tun yana manne da bangon bututu saboda zafi, har gindinsa ya yage, ko su komo da saurin da harsashi na gaba bai riga ya taso ba.

Abin da gajarta ke jawowa

A nan ne tsawon bututu ya shigo. Iskar tana aiki ne kawai a ɗan lokacin da harsashi ya wuce 'yar ƙofar nan amma bai fita daga bakin bindiga ba. Da ya fita, ƙarfin ya tsiyaye. To, idan aka yanke bututu, an rage wannan ɗan lokaci ke nan, sai ƙarafan su rasa abin da zai tura su. Idan kuma mai ƙira ya matso da ƙofar baya don ya rama, ya kai ta wurin da iskar ta fi zafi da ƙarfi, sai bindigar ta riƙa dukan kanta, ƙarafanta su yi saurin cinyewa. Bugu da ƙari, albarushin da bai gama ƙonewa ba yakan fito a bakin bindiga da walƙiya da ƙara mai cutar da kunne, harsashin kuma ya rasa wani ɓangare na gudunsa.

Amurka kanta, da duk injiniyoyinta, ta sha wahalar wannan lissafi. Bindigar sojanta M16 tana da bututu mai tsawon inci 20. A lokacin yaƙin Biyetnam sun gwada wata gajera mai inci 10, suka ga ba ta yi ba sai da suka ƙara mata tsawo. Sai a 1994 suka tsayar da M4 mai inci 14 da rabi, bayan shekaru ana gwaji. Abin da ya ɗauki masana shekaru suna aunawa, yaya za a ce mutum ya gyara shi da zarto a gindin bishiya?

Darasin da sojojin Amurka suka koya

Ita M16 ɗin ma, mai cikakken tsawo, ta taɓa jefa sojoji cikin halaka. A yaƙin Biyetnam an riƙa samun rahoton bindigogi na cijewa ana tsakiyar faɗa, har a 1967 Majalisar Wakilan Amurka ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord. Binciken ya gano cewa an canja irin albarushin da aka tsara bindigar a kansa aka kawo wani, wanda ya sa ƙarafan ciki suka riƙa gudu fiye da ƙima, ya kuma bar datti mai yawa. Daɗin daɗawa, an raba wa sojoji bindigogin ba tare da isassun kayan sharewa ba, a ƙasa mai ruwa da laima inda tsatsa ba ta jira. Da aka gyara waɗannan abubuwa, sai ƙorafin ya ragu.

Mu a nan abokin gabarmu ƙura ce da rairayi. Duk wanda ya ajiye keken ɗinki ko babur a lokacin hunturu ya san yadda ƙura ke haɗuwa da mai ta zama kamar ƙullu. Sojojin Ingila sun gamu da wannan, shi ya sa suka sa aka yi wa ƙarafan bindigarsu ƙirar Beljiyam wasu tsage-tsage inda rairayi zai taru ba tare da ya hana motsi ba. Ita kuwa AK-47 da Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyet, sunan da ta yi na jure wahala ya samo asali ne daga sararin da aka bari tsakanin ƙarafanta. Amma ko ita, in aka bar ta da tsatsa, ko gidan harsashinta ya lanƙwashe, takan cije.

Komawa ga adaka

Mai karatu zai ce, ai maharbin Makoɗa ko Bagwai ba ya riƙe da irin waɗannan. Gaskiya ne, amma haɗarin da ke gabansa ya fi nasu. Baƙin albarushi yana shan laima, kuma tokar da yake bari a cikin bututu tana jawo danshi ta ci ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani. Bindigar da ta kwana damina uku a rataye tana iya sheƙi a waje alhali cikinta ya ruɓe.

Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, abu biyu ne ke kashe mutane. Na farko, wani lokaci wutar ta kama amma tana ci a hankali, sai ta tashi bayan ɗan jinkiri, daidai lokacin da mai ita ya juyo da bakinta yana leƙawa, ko ya sauke ta wajen abokin tafiyarsa. Na biyu, mutum yakan manta cewa akwai ɗuri a ciki ya ƙara wani a kai. Kada a ɗauka wannan wautar ƙauye ce. Bayan yaƙin Getisbag na 1863 a Amurka, an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama, kimanin 24,000 na ɗure, kuma fiye da rabin waɗannan an ɗura musu sau biyu ko fiye. Tsoro ne ya sa sojoji suka yi ta ɗuri ba su san ba ta tashi ba. Bindiga mai ɗuri biyu kuwa, in ta tashi, hannun hagu da fuskar mai harbi ne abin da ta fi kusa da su.

Haka nan bututun da aka yi da famfon ruwa ba a gina shi don ɗaukar irin wannan ƙarfi ba, kuma zuba wa adaka albarushin harsashin zamani neman fashewa ne kai tsaye. Ka'idar da maharban kirki suka sani ita ce: in ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon ƙasa inda babu kowa, a yi haƙuri a jira, kada a leƙa, kada a hura, kada a ƙara ɗuri, kada kuma a shiga da ita cikin gida.

Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja da masu ruwan harsashi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne irin na farauta, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau adaka da 'yan uwanta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Dokar ba ta tsaya ga riƙo ba. Ta hana ƙera bindiga ko gyara ta sai da izinin hukuma, kuma ta hana a yanke bututun bindigar farauta ya gaza inci 20, ta hana ma a mallaki wadda aka yanke. Ashe ke nan abin da injiniya ya hana saboda lissafi, alƙali ma ya hana shi saboda doka. Wanda ya rage bindigarsa ya tara wa kansa asara biyu: makami marar tabbas, da laifin da zai kai shi gidan yari. Garin neman gira ya rasa ido.

Aikin da ke gabanmu

A nan ne ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta ke da rawar takawa. Malamin gona, da malamin asibiti, da malamin makaranta da ke zaune a Shanono ko Dawakin Tofa, su ne talaka ke tambaya idan abu ya shige masa duhu. Ɗalibin da ya karanta kimiyya ya koma gida hutu yana iya zama da kawunsa maharbi, cikin ladabi, ya bayyana masa dalilin da ya sa tsatsar ciki ta fi ta waje haɗari. Hakimai da dagatai da sarakunan maharba kuma su ne suka san gidan da ke da bindiga, su ne za su iya haɗa masu ita da ofishin 'yan sanda don a rubuta ta, a duba lafiyarta, wadda ta lalace a miƙa ta. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiya ta musamman don hana yaɗuwar ƙananan makamai, amma cibiyar da ke Abuja ba za ta ga abin da ke rataye a zauren Tsanyawa ba sai mutanen garin sun taimaka.

Tsaron ƙauyukan kan iyaka nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma jama'a na da haƙƙin su nemi a sauke shi. Kafin nan, kada tsoron ɓarawo ya sa magidanci ya ajiye wani maƙiyin a ƙarƙashin gadonsa, kusa da 'ya'yansa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.