Yaya Dawa Take Sanin Lokacin Fitar da Kai?

Duk wanda ya taɓa noma ya san wannan: manomi ya shuka farafara a farkon watan Yuni, maƙwabcinsa ya makara sai ƙarshen wata, amma idan damina ta zo ƙarewa sai a ga gonakin biyu sun fitar da kai kusan lokaci guda. To, wa ya gaya musu lokaci ya yi?

Amsar tana cikin ganye. A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Gana da Alad, suka gano cewa tsawon yini ne yake sa wata irin taba ta yi fure. Daga baya, a 1938, aka tabbatar cewa a haƙiƙa tsawon dare ne tsiro yake aunawa, domin idan aka haska fitila na ɗan lokaci a tsakar dare, furen sai ya ƙi fitowa. Masu noman furannin ƙawa a Turai da wannan dabara suke jinkirta fure har lokacin kasuwa.

Dawarmu ta gargajiya tana cikin masu jiran dogon dare. A arewacin Nijeriya yini mafi tsawo bai kai sa'o'i 13 ba, saboda haka bambancin da take aunawa na mintoci ne kawai, abin da mutum ba ya ko lura da shi. Da zarar dare ya kai tsawon da take bukata, ganye sai ya haɗa wani sinadari ya aika ta cikin kara zuwa ƙololuwar tsiron. Wannan ƙololuwa, wadda a da ganye kaɗai take samarwa, sai ta daina, ta shiga ƙera zangarniya a ɓoye, makonni kafin a ce dawa ta yi ciki. Masanin Rasha Chailakyan ya yi hasashen sinadarin tun 1936, amma sai a 2007 aka tabbatar da ko wane ne.

Binciken da aka yi a Samaru a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki tana fitar da kai daidai da ɗaukewar ruwan yankinta. Don haka ƙwaya takan nuna a bushe, ba ta yin fumfuna. A nan kuma haɗarin yake: wanda ya ɗauki irin kudancin Kaduna ya kai Daura, zai ga kara ya yi tsawo, ganye shar, amma kafin kai ya fito ƙasa ta riga ta bushe.