Farfaɗo da Tsoffin Unguwannin Masana'antu na Bakin Kogi: Misalin Docklands ta Landan

Gabatarwa

Manyan biranen duniya da dama a bakin ruwa suka tashi, domin kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, kogi shi ne babbar hanyar fatauci. A gaɓarsa ake gina tashoshin jiragen ruwa da rumbunan ajiya da masana'antu, ma'aikata kuma su kafa unguwanninsu a kusa. To amma idan zamani ya juya, irin waɗannan wurare sukan zama kufai a tsakiyar birni. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake mayar da rai ga irin wannan kufai, da abin da masu zuba jari suke hange a cikinsa, da kuma makomar mutanen da aka tarar a wurin. Za a ɗauki yankin Docklands, wanda yake gabashin Landan a bakin Kogin Thames, a matsayin misali.

Ma'anar Farfaɗo da Unguwa

Abin da ake nufi da farfaɗo da unguwa shi ne a ɗauki wani sashe na birni wanda sana'arsa ta mutu, gine-ginensa suka lalace, jama'arsa suka watse, a sama masa sabon amfani. Aikin ya wuce rushe tsohon gini a ɗora sabo. Ya ƙunshi tsabtace ƙasar da dattin masana'antu ya gurɓata, da shimfiɗa hanyoyi, da samar da gidaje da ayyukan yi. Galibi gwamnati ce take share fage, 'yan kasuwa su biyo baya da jarinsu.

Tashe da Mutuwar Tashoshin Landan

An buɗe tashar West India a shekarar 1802, aka ci gaba da haƙa wasu har zuwa 1921, lokacin da aka buɗe tashar Sarki George na Biyar. A nan ake sauke sukari da shayi da taba da katako da hatsi daga ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. Sukarin farko da ya cika rumbunan, guminsa na bayin da aka kwasa daga Afirka ne zuwa tsibiran Karibiyan. Dubban 'yan dako da iyalansu da wannan aiki suka dogara, ɗa ya gaji uba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da ya kashe tashoshin shi ne zuwan kwantena a shekarun 1960. Kayan da a da ƙarti da yawa za su kwana da yini suna saukewa buhu-buhu, sai ga shi injin ɗaga kaya yana sauke su cikin ɗan lokaci. Jiragen kwantena kuma manya ne, suna buƙatar ruwa mai zurfi da fili mai faɗi, don haka ciniki ya koma Tilbury, can kusa da bakin teku. An fara rufe tashoshin a 1967, kafin ƙarshen 1981 babu ko ɗaya da ta rage. Masana'antun da suke rayuwa a inuwarsu su ma suka bi sahu.

Matakan da Gwamnati ta Ɗauka

A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, ta hannun ministan muhalli Michael Heseltine, ta kafa Hukumar Raya Yankin Docklands, ta damƙa mata fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 22. Matakan da aka bi sun haɗa da:

1. Ba hukumar ikon mallakar filaye da bayar da izinin gini, ikon da a da yake hannun ƙananan hukumomin yankin.
2. Keɓe wani ɓangare na Isle of Dogs a 1982, inda aka yafe wa kamfanoni harajin gine-ginen kasuwanci na tsawon shekara goma.
3. Samar da sufuri. A 1987 aka buɗe layin ƙaramin jirgin ƙasa mai sarrafa kansa, aka kuma buɗe filin jirgin sama a kan tsohuwar tasha.

Abin da Masu Jari Suke Hange

Dalilai uku ne suke jan hankalin mai jari zuwa irin wannan wuri. Na farko, fili ne mai yawa a dunƙule, abin da yake da wuyar samu a tsakiyar tsohon birni. Na biyu, yana da araha, ga shi kuma kusa da cibiyar hada-hadar kuɗi. Na uku, ruwan da a da hanyar kaya ce kawai, yanzu ya zama abin kallo, gidan da yake fuskantarsa ya fi na bayansa tsada.

Sai dai riba da asara tare suke kwana. Kamfanin Olympia & York na ƙasar Kanada ya fara gina Canary Wharf a 1988, a 1991 ya kammala bene mai hawa 50, tsawonsa mita 235, wanda a lokacin babu kamarsa a Birtaniya. Shekara guda bayan haka, wato 1992, kamfanin ya durƙushe. Tattalin arziki ya ja baya, ofisoshi suka rasa masu haya, ƙaramin jirgin kuma ya kasa ɗaukar yawan ma'aikatan da ake buƙata. Wurin bai tsaya da ƙafafunsa sosai ba sai da layin Jubilee na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso a 1999, manyan bankuna suka tare. Wannan ya nuna cewa gini komai kyansa ba ya da daraja sai akwai hanyar zuwa gare shi.

Lokacin da aka rufe hukumar a 1998, rahotonta ya nuna gwamnati ta kashe kimanin fam biliyan 1.86, 'yan kasuwa kuma sun zuba fam biliyan 7.7, an gina gidaje kimanin 24,000. A 2015 hukumar zuba jari ta ƙasar Katar da kamfanin Brookfield suka saye Canary Wharf. Duk da haka kasuwa ba ta daina juyawa ba, domin annobar korona ta 2020 ta koya wa ma'aikata aiki daga gida, buƙatar ofisoshi ta ragu, har bankin HSBC ya bayyana a 2023 cewa zai mayar da hedikwatarsa tsakiyar birni.

Makomar Mazauna na Asali

A nan ne gizo yake saƙa. Ba zaɓen shugabannin hukumar aka yi ba, naɗa su aka yi, saboda haka mazauna suka ga an yanke shawara a kan unguwarsu ba da su ba. A tsakiyar shekarun 1980 sun yi ta shiga jiragen ruwa suna bin kogin zuwa majalisar dokoki domin kai kukansu. Sababbin ayyukan na banki ne da lauyanci da kwamfuta, waɗanda tsohon ɗan dako ba shi da iliminsu. Yawancin gidajen kuma na sayarwa ne, farashinsu ya fi ƙarfin 'ya'yan unguwa. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, inda benayen suke, ta daɗe tana cikin yankunan Birtaniya da talaucin yara ya fi tsanani.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kufan bakin kogi dukiya ce a kwance, amma ba ta tashi sai gwamnati ta fara kashe kuɗin jama'a a kan hanya da gyaran ƙasa. Tunda kuwa da kuɗin jama'a aka share fagen, bai kamata a auna nasara da tsawon bene kaɗai ba. Ma'aunin gaskiya shi ne ko ɗan wanda ya yi dako a tashar ya samu gida da aiki a inda aka haife shi. Hakan kuwa ba ya samuwa sai an tanadi gidaje masu sauƙin haya da makarantun koyon sababbin sana'o'i tun ranar da aka zana taswirar farko.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda zuwan kwantena ya kashe tashoshin Landan.
2. Kawo dalilai uku da suke jan masu jari zuwa bakin kogi.
3. Me durƙushewar da aka yi a 1992 take koyarwa game da sufuri?
4. Tsara muhawarar aji a kan wannan batu: "Wa ya fi cin moriyar Docklands, mai jari ko ɗan unguwa?"