Wace manhaja ce ta fi dacewa da tsara fayiloli a kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya san wannan yanayi. Ɗalibi na tsaye yana jiran a fitar masa da kundin bincikensa, mai shago kuma yana ta buɗe folda bayan folda. Daga ƙarshe a samu fayil uku masu kusan suna ɗaya, babu wanda ya san wanne ne malami ya amince da shi. Idan aka buga wanda ba shi ba, an yi asarar kuɗin takarda da tawada, wani lokacin har da ranar miƙa aiki.

Manhajar da ake buɗe foldoji da ita, a kwafa, a goge ko a sauya wa fayil suna, ita ce ake kira manhajar tsara fayiloli. Kowace kwamfuta na zuwa da tata: File Explorer a Windows, Finder a kwamfutocin Apple, sai Dolphin ko Nautilus ko Thunar a Linux. Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: wane aiki ne ke cinye mini lokaci?

Idan matsalar neman fayil ce, ba sai an sauya manhajar gaba ɗaya ba. Akwai wata ƙarama ta kyauta mai suna Everything, wadda ke tattara sunayen duk fayilolin da ke kan Windows. Kana fara rubuta suna take jero maka su. Ba ta da nauyi, shi ya sa tsohuwar kwamfuta ma ke ɗaukarta. Sai dai ƙarfinta a neman suna yake, don haka wanda ya ajiye takardarsa da suna marar ma'ana ba zai amfana sosai ba.

Idan kuma aikinka kullum kwashe fayiloli ne daga filashi zuwa kwamfuta, kamar masu ɗaukar hoton biki da masu tura waƙoƙi da wa'azi, manhaja mai fuska biyu ta fi dacewa. Tana nuna inda za a ɗauko a hagu, inda za a ajiye a dama. Norton Commander ce ta yaɗa wannan tsari tun 1986. Total Commander, wadda Christian Ghisler na ƙasar Siwizalan ya fitar a 1993, na nan har yau, amma ta kuɗi ce. Double Commander kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac. Dukkansu na iya kwatanta foldoji biyu su nuna abin da babu a ɗaya, su kuma sauya sunan ɗaruruwan hotuna a lokaci guda.

Ga mai aikin ofis na yau da kullum, File Explorer ta wadatar, musamman tun 2022 da Microsoft ya ƙara wa ta Windows 11 damar buɗe foldoji da yawa cikin taga ɗaya.

Akwai gyara biyu da suka fi sabuwar manhaja muhimmanci. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, wato irin su .pdf da .exe, sai mutum ya umarce ta ta nuna. Da wannan ɓoyewar ce ƙwayar cuta ke shigar burtu ta fito kamar takarda. Na biyu, a san yadda ake nuna ɓoyayyun fayiloli. Cutar filashi da ta addabi shaguna kan ɓoye foldoji ne ta bar gajerun hanyoyi na bogi, mai kaya ya ɗauka komai ya tafi, ya goge filashin da hannunsa alhali kayansa na ciki.

A kuma guji manhajar kuɗi da aka fasa aka raba kyauta. Wannan manhaja ce da ke ganin duk abin da ke kwamfutarka, daga hotunan iyali zuwa takardun banki. A sauke ta daga shafin masu ita kaɗai.

Kowacce aka zaɓa, ba za ta raɗa wa fayil suna da kanta ba. A fara suna da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-14, fayiloli za su jeru bisa tsari da kansu. Masu rubutu da Hausa su tsaya kan salo ɗaya, domin a wurin kwamfuta "ƙ" da "k" haruffa ne daban: wanda ya ajiye "ƙudiri" ya nemi "kudiri" na iya tashi hannu wofi.

Sannan a riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri daban. Ranar da ma'ajiyar kwamfuta ta mutu, wannan kwafin ne kawai zai rage.