Azumin Kirista a Garin Iyaka: Darasi daga Illela

Duk mai hidimar da aka tura Illela, ko wani gari irinta a ƙasar Sakkwato, ba zai daɗe ba maƙwabci zai tare shi da tambaya: "Fasto, ashe ku ma kuna azumi?" In ya ce i, sai a bi shi da wasu: kwana nawa ne, ƙarfe nawa ake sahur, wa yake sanar da ganin wata? Mai tambayar ba tsokana yake yi ba. A wurinsa azumi abu ne mai ƙa'ida sananniya, daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, wata guda, gari duka tare. A shekarar 2025 azumin Ramadan ya soma ran 1 ga Maris a Nijeriya, Larabar Toka kuma ta faɗo ran 5 ga Maris, sai aka yi makonni Musulmi da Kirista suna azumi a gari ɗaya. Kalmar da muke amfani da ita ma ɗaya ce. Saboda haka in ba a koya wa 'yan ikkilisiya ba, za su cika kalmar da ma'anar da suka tarar a unguwa, ko wadda suka ji daga masu wa'azin talabijin.

Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, Birnin Konni ta Jamhuriyar Nijar kuwa tana tsallaken iyaka, tafiyar 'yan mintoci a kan babur. Abincin garin yana rataye da kasuwa da iyaka: shanu da raƙuma, albasa da hatsi, canjin naira da sefa, dako da kabu-kabu. Kiristocin garin 'yan kaɗan ne, da yawansu aiki ko fatauci ne ya kawo su. Wannan ya sa duk abin da ya taɓa iyaka yakan bayyana cikin baikon ranar Lahadi, yakan kuma bayyana cikin roƙon addu'a.

Doka ce ko kuwa?

Mu fara da abin da Littafi Mai Tsarki ya umarta. Cikin dokokin Musa, azumi ɗaya ne aka ɗora wa jama'a kowace shekara, wato na Ranar Kafara (Littafin Firistoci 16:29-31, 23:27). Sauran duk sun taso ne daga bukatar lokaci. Nehemiya ya yi azumi da ya ji labarin rushewar garun Urushalima (Nehemiya 1:4). Esta ta kira azumin kwana uku sa'ad da aka shirya hallaka mutanenta (Esta 4:16). Mutanen Nineba sun yi nasu domin tuba (Yunana 3). A Sabon Alkawari, Yesu bai yanka wa almajiransa wata ko rana ba, amma yadda ya yi maganar a Matiyu 6:16-18 ya nuna ya san za su riƙa yi. Abin da ya dame shi shi ne halin zuciya da son a gani.

Wurin da ya fi buɗe mana ma'anar shi ne Matiyu 9:14-15. Almajiran Yahaya sun zo da ƙorafi cewa almajiran Yesu ba sa azumi. Ya ba su misali da biki: ba a baƙin ciki ango yana nan, amma ranar da aka ɗauke angon, abokansa za su yi azumi. To, a nan muke zaune, tsakanin hawan Almasihu sama da dawowarsa. An riga an gama aikin ceto a kan gicciye, ba abin da yunwarmu za ta ƙara masa. Abin da ya rage shi ne jira. Azumin Kirista marmarin wanda ya riga ya ɗanɗana ne, yana son cikar abin da aka alkawarta masa. Shi ya sa azumi da sa zuciya ba sa rabuwa. Ku dubi Hannatu, gwauruwar nan tsohuwa a Luka 2:36-38, wadda ta shafe shekaru a Haikali tana azumi da addu'a. Luka ya ambace ta tare da masu jiran fansar Urushalima.

Ikkilisiyar farko ta tsara wa kanta lokatai. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya ce masu bi su yi azumi Laraba da Jumma'a, don su bambanta da masu yi Litinin da Alhamis. Zuwa Majalisar Nikiya ta shekarar 325 an riga an san kwana arba'in na shiri kafin Ista. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha tana yin kwana 55 har yau. Katolika da Angilikan suna kiyaye kwana arba'in ɗin, yawancin ikkilisiyoyin bishara irin su ECWA da Baftis kuwa sukan kira azumi ne bisa ga bukata, musamman a farkon shekara. Duk waɗannan tsare-tsare ne masu amfani, amma tsarin ikkilisiya ne. Bulus ya hana mu hukunta juna a kan ci da sha da ranaku (Romawa 14:1-6, Kolosiyawa 2:16-23). Mai hidimar da ya sa wa jama'arsa azumi ya faɗa musu sarai cewa gayyata ce, wanda bai iya ba bai yi zunubi ba.

Sa'ad da aka rufe iyaka

A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, Illela na cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, ciniki ya tsaya, mai dako ya koma gida hannu wofi. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan gabashin jihar, har manomi ya kasa zuwa gonarsa. A irin wannan lokaci ne ikkilisiya takan kira azumi, kuma daidai ne ta kira. Ezra ma ya yi haka a bakin kogin Ahawa kafin ya kama hanya mai 'yan fashi, da mata da yara da dukiya (Ezra 8:21-23). Duk wanda ya taɓa shiga mota da asuba yana addu'ar sauka lafiya ya fahimci wannan sura.

Amma a nan ne haɗarin yake. Akwai koyarwar da ta bazu, mai cewa azumi ciniki ne: ka biya da yunwa, Allah ya biya ka da buɗi, in kwana uku ba su isa ba, ka ƙara zuwa bakwai ko ashirin da ɗaya. Mutumin da ya sayi wannan koyarwa, in ya gama kwanakinsa iyaka tana rufe, ɗayan biyu ne: ko ya ce Allah ya ci amanarsa, ko ya ce shi ne bai iya azumi ba. Dukansu biyu suna kashe sa zuciya. Labarin Dawuda a 2 Sama'ila 12:15-23 ya kamata a riƙa karanta shi a makon azumi. Ya yi azumi ya kwana a ƙasa yana roƙo saboda jaririnsa, ran kwana na bakwai yaron ya rasu. Sai Dawuda ya tashi, ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya dawo ya ci abinci. Fadawansa suka yi mamaki. Shi kuwa ya san tun farko roƙon jinƙai yake yi, ba bashi yake bi ba.

Ɗalibin tauhidi ya lura da wani abu kuma. Ayar da aka fi jingina da ita wajen cewa azumi makami ne na fitar da aljannu ita ce Markus 9:29. A wasu daga cikin tsoffin kwafe-kwafen Helenanci da aka fi dogara da su, addu'a kaɗai aka ambata a ayar, Matiyu 17:21 kuwa babu ita sam a cikinsu. Wannan bai rushe azumi ba. Gargaɗi ne dai kada mu kafa ginshiƙin koyarwa a kan kalmar da ake shakkar asalinta, alhali ga wurare tabbatattu da yawa.

To me azumi yake yi wa mai bi? Yana tona abin da ke mulkinsa. Mutum yakan ɗauka shi mai haƙuri ne har ranar da bai karya kumallo ba, sai ya ji yadda yake amsa wa matarsa. Wannan ganewa ce take kai ga tuba. Yana kuma ba da lokaci, domin sa'ar girki da ta ci ta koma sa'ar addu'a da karatun Maganar Allah. Ikkilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:1-3), haka kuma aka naɗa dattawa a 14:23. Da majalisunmu za su riƙa yin haka kafin zaɓen dattawa, da an rage rigingimu da dama.

Ina abincin ya tafi?

Ishaya 58 amsa ce ga mutanen da suka yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Annabin ya nuna musu cewa a ranar azumin nan suke danne ma'aikatansu suna faɗa da juna, ya kuma ce azumin da Allah yake so ya haɗa da ciyar da mayunwaci, saukar da marar gida, da suturta matsiraici. Wani littafin Kirista na ƙarni na biyu da aka rubuta a Roma, Makiyayi na Harmas, ya mai da wannan lissafi: ka ƙirga kuɗin abincin da za ka ci a ranar, ka ba gwauruwa ko maraya. A Illela lissafin ba wuya. Tiyar gero ko ta masara da gida bai dafa ba, a kawo ta majami'a, Zumuntar Mata ta san gidajen da ba a ɗora tukunya ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke da nauyin faɗa. A cikin jama'arka akwai waɗanda sau ɗaya suke ci a rana tun kafin ka kira azumi. Yunwar dole ba azumi ba ce, kada kuwa ka yi mata kwalliya da sunan ruhaniya. In ka tsaya a bagadi cikinka cike ka sa wa irin waɗannan kwana bakwai, ka ɗora musu kaya ne a kan kaya. Su ne ya kamata su amfana da azumin sauran.

Jiki da zafin bazara

A Maris da Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma a daidai nan ne kwanakin shirin Ista sukan faɗo. Ruwa yana saurin ƙarewa a jikin mai aikin ƙarfi. Azumin da ba ci ba sha na kwanaki a jere yana iya lalata ƙoda, har ya kai ga rasa rai. Kwana uku na Esta na halin mutuwa ko rayuwa ne, kwana arba'in na Musa a kan dutse kuwa al'ajibi ne, ba ƙa'idar kowa ba. Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa, tsoho, yaro, da wanda yake shan magani a kan lokaci, a faɗa musu daga bagadi cewa an ɗauke musu, don kunya takan hana su tambaya. Wanda yake shakka ya ga ma'aikacin lafiya tukuna. Akwai kuma hanyar Daniyel, wanda ya yi mako uku ba nama ba abinci mai daɗi (Daniyel 10:2-3). Direba ko ɗan dako zai iya wannan, yana shan ruwansa. Sabon shiga ya fara da barin abinci ɗaya, ya buɗe baki da kunu ko fura kafin tuwo.

Sauran maƙwabcin da ya yi tambaya. Ka amsa masa da ladabi da gaskiya: muna yi, amma ba a yanka mana wata ba, ba ma kuma ɗaukarsa hanyar samun gafara, domin gafara a wurinmu kyauta ce ta wurin Almasihu. Kada ka rena nasa, kada kuma ka shiga gasar wa ya fi daɗewa da yunwa. Ka koya wa matasa kada su riƙa ci da sha a gaban mai azumi a kasuwa ko a tasha. In yaronsa ya shigo da kwanon kunu da ƙosai da magariba, ka karɓa ka yi godiya, ko da naka azumin bai kai lokacin buɗewa ba; a ajiye wa yara. Ranar Ista kuma a zuba shinkafa a kwanon nan a mayar masa.