Katako Mai Magani da Tsatsar Ƙusa

Gara da ruɓewa su ne manyan abokan gāban katako. Don a kare shi, masana'antu kan jera shi cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, sannan a tura ruwan magani da ƙarfin matsi har ya ratsa jikinsa. Yawancin magungunan nan akwai jan ƙarfe a cikinsu, shi ne ma yake sa katakon ya yi kore-kore.

An daɗe ana amfani da maganin CCA, haɗin jan ƙarfe da kuromiyam da arsenik. Saboda gubar arsenik, a ƙarshen shekarar 2003 aka daina sa shi a katakon gidajen zama a Amurka, aka koma ga wani maganin da ake kira ACQ da makamantansa. Sabon maganin ya fi tsohon yawan jan ƙarfe, ga shi babu kuromiyam ɗin da ke rage cin ƙarfe. Ba a jima ba kafintoci suka fara ganin ƙusoshi da notuna suna lalacewa tun lokacinsu bai yi ba.

Idan katakon ya sha ruwa, jan ƙarfen da ke cikinsa yakan bi danshi ya manne a jikin ƙusa. Sai wurin ya zama tamkar ƙaramin batir: jan ƙarfe na nan lafiya lau, ƙarfen ƙusar da tutiyar da aka shafa mata suna ta zaizayewa. A busasshen katako ɓarnar kaɗan ce, danshi ne ke hura ta.

Babban haɗarin shi ne a ɓoye abin yake faruwa. Kan ƙusa fes a waje, amma in aka zaro ta sai a tarar tsakiyarta ta sirance, ta yi jajir, tana marmashewa. Baranda ko matakalar da irin waɗannan ƙusoshi ke riƙe da ita tana iya ruftawa da mutane alhali katakon garau yake.

Saboda haka dokokin gini a Amurka suka nemi a yi amfani da ƙusar da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ta yi kauri, ko kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa. A bakin teku, inda gishiri ke ƙara ɓarna, ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316 aka fi so. Kada alminiyam ya taɓa katakon kai tsaye, kuma kada a haɗa ƙarfe iri biyu a mahaɗa ɗaya. Duk mai sayen katako ya duba alamar da ke jikinsa, ya san maganin da aka sa masa kafin ya zaɓi ƙusa.