KAMA DA WANE BA TA WANE: ZANEN FIFFIKE DA MAKOMAR RUMBU

Duk wanda ya kunna fitila da damina a Maraɗi ko Damagaram ya saba ganin ƴan ƙwarin nan masu launin ƙasa suna kewaya haske. Jama'a kan haɗa su duka a suna ɗaya, a ce malam-buɗe-littafi na dare. A wurin malaman gona kuwa, wasu daga cikinsu ɗan zanen da ke bisa fiffikensu shi ke gaya wa mutum ko masarar bana za ta kai rumbu.

A farkon shekarar 2016 ne masana na cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa a Afirka ta Yamma, wadda asalinta nahiyar Amurka ne. Sunanta na kimiyya Spodoptera frugiperda, ma'aikata kuma sun san ta da chenille légionnaire d'automne. Ba a daɗe ba ta iso Nijar. Masara ta fi so, amma tana cin dawa da hatsi da shinkafa. Uwarta na iya tashin kilomita 100 a dare ɗaya, tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a wuri guda, kuma lokacin zafi kwana 30 sun isa zuriya ta sake haihuwa.

Wahalar ita ce baƙuwar ta tarar da ƴan uwanta uku a nan, duka ƴan gidan Spodoptera, kuma ido ba ya saurin raba su.

Namijin baƙuwar, in ya buɗe fiffike, faɗinsa milimita 32 zuwa 40 ne. Fiffikensa na gaba toka-toka ne da ruwan ƙasa, da farin tabo a can ƙarshen baki, da wani ɗan tabo mai haske a karkace wajen tsakiya. Na baya fari ne mai sheƙi, da siririn baƙin gefe. Macen ba ta da wannan ado, fiffikenta kusan launi ɗaya ne, shi ya sa aka fi dogara ga namiji wajen ganewa.

Ta biyu, exempta, tsohuwar ƴar ƙasa ce. Fiffikenta na gaba ya fi duhu, a farin fiffiken baya kuma jijiyoyi suna fitowa baƙi-baƙi. Ta uku, littoralis, mai ɓarnar auduga da tumatir da kabeji, ita ce mafi ado: fararen layuka sun ratsa fiffikenta na gaba suna gittawa kamar saƙar tabarma. Ta huɗu, exigua, ita ce ƙarama, da ƙyar take kai milimita 30, tana da ɗan kewayayyen tabo mai ruwan goro. Tsutsarta kan shige cikin ganyen albasa ta ci daga ciki, don haka masu lambu na Galmi da sauran yankin Tawa suke da dalilin saninta.

Me ya sa za a damu da ɗigon da bai kai ƙwayar hatsi ba? Domin kowace da halinta. Tsutsar exempta takan fito da yawa, baƙa kamar karammiski, tana tafiya ayari a fili, a gan ta a yi mata feshi. Tsutsar baƙuwar kuwa lafewa take yi can cikin tsakiyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, ta bar kashi mai kama da garin katako. In sun girma suna cin junansu, sai a tarar da ɗaya ko biyu kawai a kara. Wanda ya fesa magani bisa ganye da tsakar rana ya yi hasarar kuɗinsa. Sai an sa shi cikin tsakiyar, da sassafe ko da marece, tun tsutsar tana ƙarama. Alamarta ta tabbas ita ce baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i kusa da wutsiya, tare da zane mai kama da harafin Y a kife bisa kai.

Malaman kare tsirrai suna kafa tarko mai ƙamshin mace, wanda ke jawo maza. Sai dai tarkon kan kama wasu iri ma, kuma ma'aikacin da bai iya karanta fiffike ba zai aika wa Yamai da lissafin da ba daidai ba. A 2018 hukumar FAO ta fitar da manhajar waya mai suna FAMEWS domin tattara irin wannan rahoto, amma ingancinsa yana ga idon wanda ya buɗe tarkon.

Ɗan kasuwa ma yana da rabo a cikin zancen. Mai sayar da maganin ƙwari da ya iya tambayar manomi yadda tsutsar take, ba zai ba shi abin da ba ya aiki ba. Mai sayen hatsi kuwa, in ya ji cewa tarkuna sun cika da maza masu farin tabo tun masara na ƙarama, ya san cewa kuɗin tiya na iya motsawa kafin kaka.