Musun Watan Agusta a Ingila

Daga ƙarshen watan Mayu, ranar da aka miƙa wa zakara kofin Firimiya, har zuwa tsakiyar Agusta, ba a buga wasan gasa ko ɗaya a manyan filayen Ingila. 'Yan wasa sun watse hutu, masu gyaran ciyawa sun karɓi fili. Bakin magoya baya ne kawai bai san hutu ba. A waɗannan makonni ne mutanen ƙasar suke raya wata al'ada da ta girmi gasar Firimiyar kanta, wadda aka kafa a 1992: kowa sai ya faɗi abin da zai faru tun kafin ya faru, da babbar murya, a gaban shaidu. Wa zai ɗauki kofi? Su wa za su shiga sahun gaba su tafi gasar Zakarun Turai? Waɗanne ƙungiyoyi uku ne za su faɗa rukunin 'yan dagaji? Wane koci za a fara sallama? Tambayoyin ba sa canzawa daga bara zuwa bana. Wanda kuwa ya ce shi sai ya gani tukuna, kallon matsoraci ake yi masa.

Abin yana da lokutansa. A tsakiyar Yuni ake fitar da jadawalin wasanni 380 da ƙungiyoyi 20 za su buga, kowacce 38. Idon mai goyon baya yakan fara sauka kan wasan farko, sai ranar karawa da maƙwabta, sai wasannin makon Kirsimeti, waɗanda iyali kan tafi kallo tare cikin tsananin sanyi. Daga nan ƙungiyoyi su fito da sabuwar riga, a yi ta ce-ce-ku-ce kan launinta da tsadarta, sannan a je a saya. Yuli na wasannin sada zumunta ne a Amurka da Asiya. Mako guda kafin a fara, zakaran gasa da mai riƙe da kofin FA su haɗu a wasan Community Shield, wanda ake yi tun 1908. Hukuncin wannan wasa a bakin magoya baya sananne ne: idan ƙungiyarka ta ci, kofi ne, idan aka ci ta, ai motsa jiki ne kawai.

Mashayar unguwa ce babbar majalisar wannan musu, sai wurin aiki da safiyar Litinin, sai jirgin ƙasa mai kai mutane wasan waje. Akwai abokan da kowannensu kan rubuta hasashensa a takarda, a liƙe ta a ambulan, a damƙa wa mutum ɗaya amana, ba za a buɗe ba sai Mayu. Wanda ya fi kowa kuskure shi zai biya kuɗin abincin taron. Akwai kuma rediyo. Tun 1991 BBC take da shirin 606, inda direban tasi ko mai gyaran famfo zai bugo waya ya koya wa kocin da ke karɓar miliyoyin fam yadda ake tsara 'yan baya, a kuma saurare shi da gaske.

Abin da baƙo kan yi jinkirin ganewa shi ne, ba don a nuna sani ake wannan hasashe ba. Mutum yana bayyana ko shi wane ne, yana kuma jingine mutuncinsa a hannun abokan hamayya domin su samu abin zolayarsa har tsawon wata tara. Wasa ne irin na Fulani da Barebari: zagin yana da ƙa'ida, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A Ingila yawanci gadon ƙungiya ake yi, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, tare da kujerar da gidan ya saba zama a filin wasa. Saboda haka kowace ƙungiya da irin bakin mutanenta. Magoya bayan Liverpool sun shekara talatin, daga 1990 zuwa 2020, suna cewa baɗi tasu ce, har maganar ta zama abin tsokanarsu a duk faɗin ƙasar. Na Tottenham, waɗanda rabonsu da kofin gasa tun 1961, sun ƙware wajen sa rai da rabin zuciya. Na Arsenal kuwa har biki suka ƙirƙiro na ranar da lissafi ya tabbatar Tottenham ba za ta iya kamo su a teburi ba, kuma ranar ta zo musu kowace shekara daga 1996 har 2016 ba fashi.

A ƙananan ƙungiyoyi zancen daban ne, kuma a ganina nan ne al'adar ta fi daɗin sauraro. Ba wanda ke maganar kofi. Maki 40 ake nema, adadin da aka yi ittifaƙi cewa mai shi ya tsira daga faɗuwa. Za ka ga dattijo ya baza jadawali a kan tebur yana ƙirga inda makin nan za su fito: uku a nan gida, ɗaya a can idan an yi sa'ar canjaras, wannan kuwa kada ma a sa shi a lissafi. Yana gamawa wani zai tuna masa cewa West Ham ta faɗi a 2003 da maki 42 a hannunta. Mutumin irin wannan ƙungiya yakan yi wa tasa hasashen faɗuwa da bakinsa, wai don kada abin ya zo masa ba shiri, amma kada ka kuskura kai ɗan wata ƙungiya ka taya shi faɗa. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Burnley da Sheffield United da Luton sun hau a 2023, suka koma tare a 2024. Leicester da Ipswich da Southampton suka maye gurbinsu, su ma suka koma tare a 2025. Faɗuwa kuma ba kunya ce kaɗai ba: kuɗin talabijin ya ragu, a sayar da gwanayen 'yan wasa, a rage ma'aikata.

Sai masana, tsofaffin 'yan wasan da ake biya su zauna a talabijin su yi abin da kowa ke yi kyauta a mashaya. Jama'a na sauraronsu ne da kunne biyu, ɗaya na jin abin da za su ce, ɗaya na ajiye shi don gaba. Wanda ya fi kowa shan wannan ajiya shi ne Alan Hansen, tsohon kyaftin ɗin Liverpool. Ranar 19 ga Agusta 1995 Aston Villa ta doke Manchester United da ci 3-1 a wasan farko. A wannan bazarar kocin United Alex Ferguson ya sayar da Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, ya cika gurbinsu da samarin da ƙungiyar ta raina da kanta: David Beckham, Paul Scholes, Nicky Butt, da Gary Neville da ƙanensa Phil. Da daddare a shirin Match of the Day, Hansen ya ce ba a cin komai da yara. Kafin watan Mayu ya ƙare yaran sun ɗauki kofin gasa, sun haɗa da na FA, kuma Liverpool ɗin Hansen suka doke a wasan ƙarshe. Mutumin ya ci kofin gasa sau takwas yana ɗan wasa, ya yi shekara 22 yana sharhi a wannan shiri, amma ka ambaci sunansa a yau, wannan jimla ɗaya za a fara tuna maka. Ga wanda ya dubi wasan ranar, maganarsa ba ta wauta ba ce. Sai dai al'adar ba ta san uzuri ba.

Yanzu har na'ura an sa a layi. Kamfanin Opta kan sa kwamfuta ta buga kakar gaba ɗaya sau dubbai, ta fitar da kason kowace ƙungiya. A Agustan 2024, bayan Manchester City ta ɗauki kofi sau huɗu a jere kuma Jürgen Klopp ya bar Liverpool, na'urar ta ba City, masana kuma suka rabu tsakanin City da Arsenal. Arne Slot, wanda ya gaji Klopp, ya zo a shekararsa ta farko ya ɗauke wa Liverpool kofinta na 20 tun da sauran wasa huɗu.

Ba za a yi wannan bayani a tsallake caca ba, domin a can ta shiga jinin ƙwallo tun 1923 da kamfanin Littlewoods ya fara raba takardun cankar sakamako. Farashin da gidajen caca suka sa wa kowace ƙungiya jaridu na buga shi kamar labari, har wanda bai taɓa sa sisinsa ba yakan kafa hujja da shi a musu. Su ma gidajen sukan sha ƙasa. A Maris 1998 Fred Done, mai gidajen caca a Manchester, ya ga United ta yi nisa a teburi, ya biya waɗanda suka canke ta tun ba a gama ba. Arsenal ta zo ta wuce ta, ya sake biyan wasu. A 2015 kuwa an sa wa Leicester 5,000 a kan 1, wato fam ɗaya ya jawo dubu biyar, kuma kocinta Claudio Ranieri na cikin waɗanda aka fi zaton za a fara kora. Ta ɗauki kofin da maki 81, sau uku kacal aka doke ta. Irin wannan labari shi ake yayatawa, ba a cika ba da na gidajen da cacar ta rusa ba, alhali su ne suka fi yawa. Ƙorafi ya yi ƙarfi har a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26.

Mai gudun caca yana da Fantasy Premier League, wadda aka fara a 2002. Ana ba ka fam miliyan 100 na ƙarya ka sayi 'yan wasa 15, kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya, kana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Miliyoyin mutane ke yi. Ta kuma kawo wani sabon rikici, domin za ka tarar da ɗan United yana fatan Erling Haaland na City ya zura uku saboda shi ya naɗa kyaftin. Dattawan mashaya na ganin wannan cin amana ne tsagwaronsa.

Duk hasashen da aka yi kafin a rufe kasuwar 'yan wasa, a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, yana da ƙofar gudu: ai sai mun ga wanda za a saya. Ranar rufewar kanta ta zama biki, 'yan jaridar Sky Sports a tsaye bakin filayen atisaye har dare, ana leƙen kowace mota mai baƙin gilashi. Ɗan Najeriya ne ya bar wa ranar labarinta mafi daɗewa. A kasuwar Janairun 2013 Peter Odemwingie ya tuƙo motarsa zuwa filin QPR a Landan, ya yi hira da 'yan jarida kamar an gama ciniki, alhali ƙungiyarsa West Brom ba ta sallame shi ba. Ba a bar shi ya shiga ba, ya juya.

Wannan musu ya daɗe da isowa gidajen kallo na Kano da Kaduna da Jos, sai dai rabinsa ne ya ƙetaro. A nan zaɓar ƙungiya aka yi, ba gadonta ba: wasu sun bi Nwankwo Kanu zuwa Arsenal a 1999, wasu suka bi Mikel Obi zuwa Chelsea a 2006, wasu Ferguson ne ya saye su. Saboda haka kowa maganar kofi yake yi, da wuya ka ji mai lissafin maki 40. Ga kuma abin mamaki: a Ingila an hana nuna wasa kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada ƙananan filaye su rasa 'yan kallo. Wasan ƙarfe uku da mutumin Manchester ba zai gani a ɗakinsa ba sai dai ya je fili, ɗan Fagge na kallonsa a kan benci idan janareta bai ba da matsala ba. Agustan da ya fi zafi a gidajen kallon Arewa kuwa, mai yiwuwa na 2016 ne. Leicester na riƙe da kofi ta sayi Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA Moscow. Kafin a fara gasa ya zura wa Barcelona biyu a wasan sada zumunta. Har waɗanda ba su san inda Leicester take a taswira ba sun ba shi takalmin zinare a wannan makon. Ƙwallo biyu ya ci a gasar duk kakar.

Bashin baki dai sai an biya, kuma babba ma ba ya tsira. A Disamban 2015 Gary Lineker, haifaffen Leicester kuma mai gabatar da Match of the Day a lokacin, ya rubuta a Twitter cewa idan ƙungiyar garinsu ta ɗauki kofi zai gabatar da shirin farko na sabuwar kaka daga shi sai gajeren wando. Maganar ta kai har zauren majalisar dokoki, inda aka tambayi Firaminista David Cameron ko ya kamata ya cika, ya ce ƙwarai kuwa. Ranar 13 ga Agusta 2016 Lineker ya tsaya gaban kyamara da farin gajeren wando mai tambarin Leicester, Alan Shearer da Ian Wright na gefe suna dariya. Cikin wasannin da ya gabatar a daren har da wanda aka buɗe kakar da shi: Hull City, wadda kocinta Steve Bruce ya ajiye aiki a Yuli, wadda kuma kusan kowa ya ba ta faɗuwa, ta doke zakarun da ci 2-1. Mako na gaba ta je Swansea ta sake yin nasara, masu hasashe suka fara neman hanyar janye maganarsu. A watan Fabrairu aka kori Ranieri, Leicester ta gama ta 12, Hull kuma ta faɗi a Mayu.